Amsar Wasiƙunku: An Ɓata Mini Suna a Waya, Yaya Zan Yi?

Yau wasiƙa ɗaya tak za mu ɗauka, domin abin da ke cikinta ya shafi duk mai kai kaya kasuwa, manomi ne ko ɗan sari.

Wasiƙar ta fito ne daga wani ɗan kasuwar hatsi wanda ya roƙe mu mu sakaya sunansa. Ya ce yakan bi kasuwannin ƙauye ya sayi wake, ya aika Dawanau da kudu. Kwanan baya wani da ya sayi buhu goma a hannunsa ya ɗauki hoton waken, ya haɗa da saƙon murya, ya saka a zauren WhatsApp na 'yan hatsi, wai an yi masa algus, na sama mai kyau, na ƙasa duk ƙwari sun huda. Tun daga ranar mutum uku sun fasa cinikin da aka ƙulla, manoman da ke ba shi kaya bashi kuma sun ce sai kuɗi hannu. Yana tambaya, ya kai ƙara wurin 'yan sanda ne, ko shi ma ya shiga zauren ya tona asirin mutumin?

To Malam, mun gode, Allah ya kawo sauƙi. Amsarmu ita ce kada ka yi ko ɗaya tukuna.

Da can, in aka yi sa-in-sa a kasuwa, na kusa ne kawai ke ji, Sarkin Kasuwa ya sasanta, kafin la'asar magana ta mutu. Yanzu fa zauren WhatsApp guda yana iya ɗaukar mutum 1,024, kowannensu kuma yana iya tura saƙon gaba. Mai saye da ke Ibadan ko Onica bai taɓa ganin fuskarka ba, sunanka ya ji ya turo kuɗi ta banki. Ka ga ke nan sunan nan shi ne jarinka na gaskiya. Ƙasa sukutum ma abin yakan same ta: ba mu manta ba, a shekarar 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Nijeriya saboda maganin ƙwari da aka samu ya wuce kima, hanin kuwa ya haɗa da mai laifi da marar laifi.

Abu na farko, ka je rumbunka ko shagonka ka zazzage buhu ɗaya har ƙasa. Hausawa sun ce in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Ƙwaron wake tun daga gona yake biyo shi, ya yi ta haihuwa a cikin buhu, saboda haka mai yiwuwa ne ka ɗura kaya da zuciya ɗaya, amma ya isa hannun mai saye a lalace. Mutum yana iya faɗin gaskiya da mugun baki. Ka ware zagin gefe, ka dubi gaskiyar.

Na biyu, ka kira shi a waya, kai da shi. Ka bar shi ya gama faɗansa, sannan ka nemi ya nuna wa yaronka ko dillalin da kuka yarda da shi kayan. In laifin daga wajenka yake, ka canza masa ko ka yi masa ragi. Asarar buhu biyu ta fi asarar abokan ciniki na shekara goma sauƙi.

Na uku, ka koma zauren da aka yi maganar ka ba da amsa sau ɗaya, a taƙaice, ba zagi ba habaici. Misali ka ce: "Na ji kukan ɗan'uwana, mun duba kayan, an sami matsala a buhu biyu, na canza masa, ina ba da haƙuri." In ya yarda, ka roƙe shi shi ma ya faɗa da bakinsa cewa kun daidaita. Ka sani ba da shi kaɗai kake magana ba. Akwai ɗaruruwan da suka yi shiru suna kallo, so suke su ga yadda za ka yi da su ran da nasu kayan ya sami matsala. Kada kuma ka sa yara su yi ta yabonka a zauren, 'yan kasuwa sun san juna, za su gane.

To idan sharri ne fa, na abokin gaba? Ka adana saƙon da hoton, ka kai maganar gaban shugaban 'yan hatsi ko Sarkin Kasuwa, a kwance buhu a gaban shaidu. Gani ya kori ji. Kotu tana nan, ɓata suna laifi ne a doka, amma ta zama matakin ƙarshe. A watan Satumba na 2023 wata mata a Legas ta rubuta a Facebook cewa tumatirin gwangwani na kamfanin Erisco ya cika zaƙi. Kamfanin ya kai ƙara, 'yan sanda suka kama ta har zuwa Abuja. Sai labarin ya game ƙasa, waɗanda ba su taɓa ganin rubutun ba suka ji, wasu har suna kiran a ƙaurace wa kayan kamfanin. Ka kuma tuna mai saye yana da haƙƙin yin kuka, dokar 2018 da ta kafa hukumar FCCPC domin kare shi aka yi ta.

Nan gaba kuwa, rigakafi ya fi magani. Ka busar da wake sosai, ka adana shi a buhun PICS, mai leda biyu a ciki, wanda masanan Jami'ar Purdue ta Amurka suka ɓullo da shi tare da takwarorinsu na Kamaru. In an ɗaure shi da kyau iska ba ta shiga, ƙwari su mutu ba tare da an zuba fiya-fiya a abincin mutane ba. Ranar lodi kuma ka zazzage buhu a gaban direba, ka ɗauki bidiyo ka tura wa mai kaya.

Ku kuma masu saye, kafin ku saka mutum a waya ku fara kiransa. Magana zarar bunu ce, bayan wannan sunan kuma akwai iyalin da ke ci.

Malam, ka sake rubuto mana mu ji yadda kuka ƙare. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu, mu kwana lafiya.