Makunni Ya Yanke Waya Mai Wuta

Yau maganarmu kan fitilar silin ce, wadda ta lalace, maigida ya sayo sabuwa zai ɗaura da kansa.

Kafin a taɓa komai, a kashe babban makunnin gida. Kada wani ya ce ai an ɗauke wuta; tana iya dawowa kana bisa tsani, kuma bolt 230 ce ke zagaya gidajenmu. Mai inbata ko janareta ma ya kashe su, sannan ya gwada da testa.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda ake haɗa makunnin bango. Aikinsa ya yanke waya mai wuta, wato ja a tsohon tsari, ruwan ƙasa a sabo. Idan aka ɗora shi kan nitral, baƙa ko shuɗiya, ƙwai zai mutu in an kashe, kowa ya ɗauka aiki ya yi kyau, alhali wuta na nan kwance a mazaunin ƙwan. Ran da yaro ya hau kujera zai canja ƙwai, ita zai tarar.

A kula kuma: a silin akan sami baƙar waya da ta dawo daga makunni. Launinta na nitral ne, amma wuta take ɗauke da ita, shi ya sa ƙwararru ke naɗa mata jan tef. Kafin ka kwance tsohuwar fitila, ɗauki hoton haɗin da wayarka ta hannu. In wayoyin sun rikice maka, kira mai gyaran wuta.