Jawabi Kan Koyar Da Tarihin Haƙƙinmu A Makaranta

Ardo-ardo, dillalai, fatake da iyayen yara na Kilomita Biyar, Allah ya saka da alheri da kuka amsa kira.

Kowane ɗan makaranta a ƙasar nan ya san Boganda, ya san ya rasu a haɗarin jirgin sama a 1959, ya kuma haddace takensa "Zo kwe zo", wato kowane mutum mutum ne. Madalla. Amma yaro zai fito daga aji a ce masa baƙo, ɗan Chadi, ya rasa amsa. Alhali Fulanin Bororo sun shigo da shanunsu daga Kamaru tun wajen 1920, kafin a kafa jamhuriyar ma.

Wannan muke roƙon malamai da hukumar ilimi su sa a cikin darasi. A haɗa da abin da ya faru daga 5 ga Disamba 2013, yadda aka kori Musulmi daga unguwannin Bangi har Kilomita Biyar ta zama kamar kurkuku, da yadda makiyaya suka maƙale a Yaloke ba garke ba hanyar fita. Ko gawa ba mu iya kaiwa maƙabartar Boeing ba sai da aka ƙulla yarjejeniya da maƙwabta a 2016. A gaya musu Fafaroma Francis ya shiga babban masallacinmu a Nuwamba 2015, kuma marigayi Imam Kobine Layama ya samu mafaka a gidan Akbishop Nzapalainga.

To, akwai mai ɗaci, sai mun haɗiye. Kotun Duniya ta ɗaure Yekatom da Ngaisona, shugabannin Anti-balaka, a 2025. Amma hukuncin farko da kotun musamman ta Bangi ta yanke, a 2022, a kan 'yan 3R ne, masu cewa kare makiyaya suke yi, saboda kisan ƙauyukan Kunjili da Lemuna. Seleka ma ta yi ɓarna. In muka ce a ɓoye wannan, makwabcinmu ma zai ce a ɓoye nasa.

Sauran aiki namu ne. Darasi ba ya bin yaro daji. A nema wa kowane yaro takardar haihuwa, mace da namiji, a sa shi makaranta, allo da safe ko da yamma bai hana ba. Ardo-ardo su kawo sunayen yaran da takardunsu suka ƙone ko suka ɓata a gudun hijira, mu kai wa hukuma gaba ɗaya.