Hannun Da Ba Ya Jin Zafi

Yau za mu yi magana a kan jijiyoyi masu kai saƙo a jikinmu, da kuma cutar da take kashe su, wato kuturta.

Ga yadda Allah ya shirya mu. Akwai ƙwaƙwalwa a cikin kai, mai ƙwayoyin jijiya wajen biliyan 86. Akwai laka a cikin ƙashin baya. Daga nan jijiyoyi suka bazu har zuwa yatsun ƙafa. Idan mai tsire ya taɓa ƙarfe mai zafi, sai saƙo ya tashi daga yatsansa kamar ɗan ƙaramin lantarki, ya bi jijiya. Tsakanin ƙwaya da ƙwaya akwai ɗan rata. In saƙon ya kai bakin ratan, sai ƙwayar farko ta saki wani sinadari, ya haye ya tada ta biyu. Laka ce take umartar tsoka ta janye hannun, tun kafin ƙwaƙwalwa ta san abin da ya faru.

To, ƙwayar cutar kuturta, wadda likita Hansen ya gano a ƙasar Nowe a 1873, tana shiga ƙwayoyin da suka naɗe jijiya, ta lalata su. Saƙo ya daina wucewa. Mutum ya taka ƙusa bai sani ba, ya ƙone bai ji ba, miki ya yi ta ci. Likita Paul Brand, wanda ya yi aiki a Indiya, ya nuna cewa yawancin yatsun da suke gutsurewa, raunukan da ba a ji ba ne suka cinye su. Ashe zafi ma mai gadi ne.

Tun shekarun 1930 masu bishara suka buɗe asibitin kutare a Oji River, tsakanin Inugu da Anacha. Yau cutar tana warkewa da magani na wata 6 ko 12, kuma tun 1995 kyauta ake bayarwa. Wanda ya fara sha ya daina yaɗa ta. Amma jijiyar da ta mutu da wuya ta farfaɗo. Saboda haka, in kun ga tabo mai haske a fata wanda ba ya jin taɓawa, kada ku ɓoye don kunya. Ku je asibiti da wuri. Wanda ƙafarsa ta daina ji, ya riƙa sa takalmi, a duba masa tafin ƙafa kowace yamma.

Ku karanta Markus sura 1. Yesu bai guji kuturu ba, da hannunsa ya taɓa shi. Mu ma kada mu ware wa ɗan'uwanmu kwano. Mu raka shi asibiti.

Ubangiji ya kiyaye ku, sai mun sake saduwa. Amin.