Bikin Kamun Kifi na Argungu da Hakkin Kogin Kubanni a Kanmu

 

Al'ada ce ta mutanen da ke ci daga ruwa su ware wata rana ta godiya. Masuntan bakin teku a Italiya da Fotugal, waɗanda Kiristoci ne, sukan yi bikin Bitrus, wanda suka ɗauka waliyyin masunta, ranar 29 ga Yuni, su yi wa jiragensu addu'a. A ƙasar Hausa kuwa, babu bikin ruwan da ya kai na Argungu suna, shi ya sa muka ga ya dace mu ɗauki darasin taron bana daga gare shi.

Bikin ya samo siffarsa ta yanzu a 1934, lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci Argungu, ziyarar da ta rufe babin tsohuwar gaba tsakanin Sakkwato da Kabi. Ranar su, dubban masunta kan auka cikin Matan Fada a lokaci guda, kowa da homarsa da gorarsa, ana neman wanda zai fito da giwan ruwa mafi girma. A 2020, kifin da ya zo na ɗaya ya kai kilo 78. Tun a 2016 hukumar UNESCO ta sanya bikin cikin al'adun da duniya ta gada.

Jama'a, kifi mai wannan nauyi ba a rana ɗaya yake girma ba. Sirrin shi ne, a sauran watannin shekara an hana su a wannan yanki na kogin, kuma akwai Sarkin Ruwa mai kula da dokar. Da ruwa ya yi ƙaranci a 2006, sai da aka dakatar da kamun kifin. Ashe darajar biki tana ga lafiyar kogi.

To, mu dawo gida. Allah ya ba mu Kubanni, wanda ya taso daga wajen Shika, ya bi ta Jami'ar Ahmadu Bello, ya ratsa ta gefenmu kafin ya faɗa Galma. Daga gare shi 'yan lambu ke ban ruwa da rani, kayan miyar kuma cikin tukwanen iyayenmu suke ƙarewa. Amma yau leda da shara da ruwan kwata muke saka masa da su, in damina ta yi ƙarfi kuma magudanai su toshe, ruwa ya shiga gidaje.

Saboda haka muna roƙon wannan taro ya amince da abu uku. Na farko, a kafa kwamitin kula da bakin kogi, a sa masu unguwanni da 'yan lambu a ciki. Na biyu, a ware wani kaso na kuɗin ƙungiya don wuraren zuba shara da yashe magudanai kafin saukar ruwan sama. Na uku, mu tsayar da ranar aikin gayya kowace shekara, kusa da hutun Babbar Sallah, lokacin da yawancinmu muke gida.

Magabata sun ce, kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Allah ya ba mu ikon sauke wannan nauyi, ya albarkaci Tudun Wada da ƙasar Zazzau baki ɗaya.