Kwamfutar duwan ba ta mantuwa



A ofisoshin duwan na Nijar, tsarin kwamfuta mai suna SYDONIA ke tantance takardun kaya. Yana auna irin kaya, ƙasar da suka fito da tarihin mai su, sai ya ware takarda: kore a wuce, rawaya a duba takardu, ja a sauke kaya a bincika.

Wanda aka taɓa kamawa ya rage kuɗin kaya, takardarsa kan yawaita faɗawa ja, albasarsa ta ruɓe a bakin iyaka. Mu rubuta gaskiya, mu ajiye rasit, mu kawo kwafi ofishin ƙungiya. In kwamfuta ta yi kuskure, da takardun nan za mu je gaban shugaban ofis.

Allah ya ƙara mana albarka.