Ɓuntun Shinkafa A Birkin Mota

Shekaru da dama da asbesto ake yin takalmin birki, domin ba ya jin wuta. Amma ƙurarsa tana jawo wa makanikai sankarar huhu, har Birtaniya ta haramta shi kwata-kwata a 1999. Yanzu masana a Indiya da Malesiya da Nijeriya suna gwada ɓuntun shinkafa, da tuƙar rake, da ɓawon kwakwa. Akan niƙe su, a cuɗa da danƙo, a matse da zafi. Ɓuntu yana ɗauke da sinadarin yashi mai sa birki ya kama. Sai dai a doguwar gangara birki kan ɗauki zafi ƙwarai, tsiro kuwa ƙonewa yake yi. Nan ne aikin ya rage.