Zambo Ya Kai Inda Alƙali Ya Kasa



Yau laccarmu a kan Amurka take, don ku ji yadda shari'a takan yi sanyi in ta iso ƙofar babban gida.

A daren 18 ga Yuli, 1969, Sanata Edward Kennedy, ƙanen Shugaba John Kennedy wanda aka harbe a 1963, ya baro wata liyafa a tsibirin Chappaquiddick, cikin jihar Massachusetts. Shi ke tuƙi. Tare da shi akwai Mary Jo Kopechne, 'yar shekara 28, wadda ta yi wa wansa Robert aikin neman zaɓe a 1968. Mota ta zarce daga kan wata 'yar gada ta katako, ta kife cikin ruwa. Sanata ya fito. Ita ba ta fito ba.

Hatsari ba ya sallama, wannan mun sani. Abin da ya biyo baya shi muke tambaya. Ya ce ya yi ta nutso bai iya ciro ta ba. To, mu ƙaddara haka ne. Amma ya wuce gidaje bai buga ƙofar kowa ba, ya koma masaukinsa, bai je wurin 'yan sanda ba sai bayan awa kusan goma. Kafin nan masu kamun kifi sun hango motar, har an fito da gawa.

Ran 25 ga watan ya amsa laifin barin wurin hatsari. Hukunci fa? Ɗaurin wata 2, kuma aka jingine shi. Ko kwana ɗaya bai yi a kurkuku ba. Daren nan ya yi wa jama'a jawabi ta talabijin, a 1970 suka sake zaɓensa. Ku da kuke shiga lori kowace ranar kasuwa, ku gaya mana: da direbanku ne ya yi haka, a gidansa zai kwana?

Sai masu zambo suka ɗauka. A 1973 mawallafan National Lampoon, masu sana'ar barkwanci, suka buga tallar ƙarya: hoton ƙaramar motar Volkswagen tana yawo a bisa ruwa, wai da ita Sanata ya tuƙa da ya zama shugaban ƙasa. Kamfanin motar ya kai ƙara, aka janye shafin. Amma magana zarar bunu ce. Da ya nemi jam'iyyarsa ta tsai da shi a 1980, zancen gadar nan ya bi shi gari gari, Jimmy Carter ya kada shi. Ya mutu a 2009 yana sanata, bai hau kujerar da ya nema ba.

Kun ga amfanin zambo ke nan, irin wanda 'yan kama suka saba yi mana a bakin kasuwa. Babba yana iya sayen lauya, ba ya iya sayen dariyar jama'a.

Amma muna da ƙorafi ɗaya. Tallar nan kujerar Sanata ta tuna, ta manta da yarinyar da ta mutu, ita kaɗai ce wurin iyayenta. In za mu yi habaici, mu auna mai ƙarfi, kada mu mai da gawar 'yar talaka abin wasa.

Saboda haka ku yi dariya, amma ku riƙe lissafi. Ranar ƙuri'a ku ne alƙalai, kuma hukuncinku ba mai jingine shi.

Allah ya kai ku gida lafiya.